Madafar Gwaggo: Wasiƙunku a Kan Murhun Icce

Wasiƙun wannan wata kusan duk warin hayaƙi suke yi. Tun da gas ya koma na wane da wane, kananzir kuma aka daina ko tambayar kuɗinsa, gidaje da dama a nan Katsina sun koma wa murhun da suka yi wa sallama shekaru. Iccen ma bai tsira ba. Daga 2023 da aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya hau kan kowane ɗauri, ga dajin Rugu da ba kowa ke iya tunkararsa yanzu ba. Na tsamo wasiƙu shida. Na kuma roƙi Edita ya bar mini "icce" ɗina, kada ya mayar mini da shi "itace" kamar yadda ya saba, don da shi na tashi.

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni amarya ce, wata bakwai da tarewa. A gidanmu da gas na saba. Maigida ya sayo mini murhun yumɓu irin mai tsimin icce, aka ce ba ya cin rabin abin da murhun duwatsu ke ci. To ni dai hayaƙi kawai nake sha, idona kullum ja, tuwon dare sai bayan isha'i. Ina cika shi da icce taf, amma wutar sai ta riƙa mutuwa. Inna, mahaifiyar maigida, ta ce in fitar da shi in kafa duwatsu uku in huta. In bi maganarta? — Amarya, Daura

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da zaman lafiya. Amsarki tana cikin wasiƙarki, inda kika ce kina cika shi taf. Nan gizo ke saƙar. Murhun duwatsu uku ta ko'ina iska ke shigar masa, ko gungume kika jibga zai ci, ya yi ɓarnarsa, ya dafa miki. Yawancin zafinsa ta gefen tukunya yake zurarewa, abin da ke shiga abincin bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Shi kuwa na tsimi ƙofa ɗaya gare shi. Ta nan icce ke shiga, ta nan yake numfashi. Kin cushe ƙofar, kin shaƙe shi, wanda aka shaƙe kuwa me zai yi in ba tari ba?

Ga abin da nake gaya wa 'yan mata lokacin ina koyar da kula da gida. Icce ba ya ci kai tsaye. Zafi yakan fara korar ruwan da ke jikinsa, sannan ya fitar da wani tururi mai kamawa, shi ne harshen wutar da kike gani, abin da ya saura ya zama garwashi. In tururin nan bai samu iska da zafin da zai ƙone shi ba, sai ya tashi haka nan. Shi muke kira hayaƙi. Duk wanda ya sa ki hawaye, iccen da maigida ya biya kuɗinsa ne yake fita ta taga bai dafa ko ruwan shayi ba.

Gobe da safe ki gwada haka. Ki kwashe tokar jiya tas, in mai raga ne a ƙasa ki tsokale ramukan da tsinke. Ki sa 'yan ƙirare da kara guda da kika fasa, ki ƙyasta ashana. Da sun kama, ki zura icce uku, kowanne kada kaurinsa ya wuce na rake, ki bar tsakaninsu yadda yatsa zai shiga. Bakinsu kaɗai ne zai shiga wuta, sauran jikin yana waje, suna ci kina izawa kaɗan-kaɗan. Da fari zai yi hayaƙi don cikinsa da sanyi, kada ki damu. Da ya ɗumama za ki ji wutar ta soma wani ɗan gurnani, harshenta ya miƙe, hayaƙin ya sirance har ya kusa ɓacewa. In kika ga baƙin hayaƙi, icce ya yi yawa, ki zare ɗaya. In fari ne mai kauri kuma ya ƙi wucewa, iccen ne ɗanye.

Maganar ɗanyen icce kuwa, a nan ake cutar amare. Iccen da aka saro jiya kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda ya bushe sosai ruwansa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Mai icce ya ga sabuwar fuska, sai ya miƙo miki ɗauri mai nauyi ya ce wannan ne mai auki, alhali ruwa ya sayar miki da kuɗin icce. Ki ɗauki guda biyu ki gwara su. Busasshe ƙwal-ƙwal yake yi, ɗanye sai ki ji tim. Ki duba bakinsa, busasshe yakan tsattsage, ɓawonsa na sakin jiki. In kuwa kin sa a wuta kika ji yana tsiiii, kumfa na fitowa ta ɗaya bakin, an riga an gama da ke. Marke da ƙirya su ne sarakai, ga zafi ga garwashi mai daɗewa, amma sun yi wuyar samu. Bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, shi ya fi yawa a hannun masu sayarwa, kuma ba laifi in ya bushe. Sabara da geza da kalgo na hura wuta ne da girkin sauri. Tumfafiya da kuka kada ki ɓata ashanarki.

Saura tukunya. Ki nemi wadda ta zauna daidai a bakin murhun, da 'yar tazara kamar kaurin yatsa a kewaye inda zafi zai bi ya lashi cikinta ya fita. In ta rufe bakin ruf, wuta ta mutu. In ta yi ƙanƙanta tana lilo, zafin ya gudu. Ki riƙa rufe ta da murfi. Kuma da ta tafasa ki zare icce ɗaya ko biyu, don ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da kika zuba masa. Tafasar hauka da tafasa a hankali lokaci ɗaya suke nunar da wake.

Zan gaya miki aibinsa, wanda masu talla ba sa faɗa: yana son a zauna kusa da shi, kuma yana son faskare. Ba murhun da za ki cusa wa gungume ki tafi wanki ba ne. Inna ba ta yi ƙarya ba, duwatsu uku sun fi sauƙin kai. Amma murhun nan ba baƙo ba ne a ƙasarku. Shekarun baya Tarayyar Turai ta ba da kuɗi, ƙungiyoyin Oxfam da ICEED suka gudanar da shirin dasa itatuwa da yin irin wannan murhu a ƙananan hukumomi 7: Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa, Mashi da Dutsi. Ba za ki rasa maƙwabciyar da ta iya shi ba, ki je ki zauna ki ga hannunta. Kada ki yi musu da Inna. Ki ce ta ba ki sati biyu, ki raba iccen gida biyu daidai, rabi ga duwatsu rabi ga na yumɓu, ki bar ta ita ta lura da wanda ya riga ƙarewa.

Yaya, barka da aiki. Murhuna na laka ne, mai gini ya yi mini shi a kusurwar kicin, gurbin tukunya biyu. Bai rufe shekara ba ya tsattsage, har wuta na leƙowa ta gefe. Ni kuwa ina tattalinsa, da na sauke girki nake watsa ruwa in kashe wutar don in tsira da gawayi. Mai ginin ne ya cuce ni? — Uwargida, Ƙofar Marusa

Ƙanwata, ki saki mai gini, ruwan nan ne. Laka ta ɗauki zafi ta buɗe, kin watsa mata ruwan randa, fatar ta tsuke cikin bai tsuke ba, dole ta tsage. Haka kofin tangaran ke yi. In gawayi kike so, ki zaro iccen ki tsoma bakinsa cikin yashi, garwashin kuma ki kwashe shi cikin tsohon gwangwani mai murfi ki rufe. Babu iska, zai mutu da kansa, da safe ki samu gawayi busasshe, ba jiƙaƙƙen da zai ba ki wahala ba.

Tsaga siririya kamar zare ba ciwo ba ce, kowane murhun laka yana yi. Wadda wuta ke leƙowa ita ce ke son gyara, kuma aikin hannunki ne. Ki samo yumɓu ko ƙasar suri, ki daka ki tankaɗe. Ni awona kwano biyu na ƙasa, ɗaya na yashi mai laushi, ɗaya na busasshen kashin jaki da aka marmashe. In babu jaki a unguwarku, don a birni yanzu Keke Napep ya kore su, ƙaiƙayi ko buntun shinkafa ya wadatar. Ki kwaɓa da tauri kamar tuwon da ya kwana, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu ta yi kwana biyu ko uku. Ƙasa ba ɗaya ba ce, don haka ki mulmula ɗan curi ki ajiye a inuwa ya bushe. In ya tsage, ƙara yashi. In ya ruguje a hannu, ƙara yumɓu.

Ranar gyara ki yi girki a wani wuri, murhun ya huce sarai. Ki sa wuƙa ki faɗaɗa tsagar kaɗan, bakinta ya fi cikinta faɗi, ki share ƙurar da tsintsiya. Ki yayyafa ruwa har tsohuwar lakar ta sha, in ba haka ba za ta tsotse ruwan sabuwar su ƙi kama juna. Ki riƙa gutsurowa kina dannawa da babban yatsa har ciki, ba shafe ta sama ba, sannan ki goge da bayan cokali. Ki bar shi kwana uku ko huɗu, da damina ya fi haka, kuma wutar farko ta zama ta kara, 'yar kaɗan. Innata, Allah ya jiƙanta, takan dama laka da toka ruwa-ruwa ta shafe murhunta duk farkon wata, kamar mai shafa wa yaro mai, kuma ban taɓa ganin ta sake murhu ba sai da muka tashi daga gidan.

Abu ɗaya kuma: babbar tukunyar tuwo ki sauke ta ƙasa ki tuƙa. Ƙarfin muciya yana karya leɓen murhu fiye da yadda wuta ke yi.

Hajiya, ina gaisuwa. Iyalina na da tsohon ciki, haihuwar za ta faɗo tsakiyar sanyi in Allah ya kai mu. Ina so in fara tara iccen wankan jego tun yanzu, yaya zan adana shi? Sannan mahaifiyata ta ce a riƙa kwana da kaskon garwashi a ɗakin mai jego saboda jariri, ta ce in garwashi ya daina hayaƙi ba ya komai. Haka ne? — Magidanci, Sabuwar Unguwa

Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Da ta biyun zan fara, don ita ce ta rai da mutuwa. Ba haka ba ne, kuma ba a littafi na karanta ba.

Haihuwata ta biyu a watan Janairu ta zo. Ɗakin ƙarami, taga mun cushe ta da tsumma saboda iska, ƙofa a rufe ga labule. Aka shigo mini da kasko, garwashi jawur, babu ko alamar hayaƙi, ɗaki ya yi daɗi. Can cikin dare na farka kaina kamar ana sara shi da gatari. Na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ƙi. Na laluba jaririya na ji ta yi laƙwas, ko neman nono ba ta yi. Allah ya sa wata tsohuwa a gidan ta fito kama ruwa, ta ji ina kakarin amai, ta banko ƙofar ta jawo mu tsakar gida. Da gari ya waye wasu na cewa iska ce ta taɓa ni, har an fara neman hayaƙin turare. A asibiti aka ce mana kaskon ne.

Garwashi na fitar da wata iska da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, shi ya sa ta fi hayaƙi mugunta, don hayaƙi yakan sa mutum tari ya buɗe ƙofa, ita kuwa ƙara masa barci take. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da wani abu, sai jini ya riƙa zagayawa babu abin da jiki ke buƙata a cikinsa. Jariri da mai barci su take fara kayarwa. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki, musamman in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da su lokaci guda. In haka ta faru a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a tafi asibiti ko da an ga sun wartsake.

Ka gaya wa Hajiya cikin ladabi: a ɗumama ɗakin da magariba ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon tun kafin a kwanta, a bar iska ta ɗan zaga sannan a rufe. Jariri kuma hula, safa, zani mai kauri da jikin uwarsa sun fi masa kowane garwashi. In ta ce su haka suka yi suka rayu, ka ce mata wata Gwaggo ma ta rayu, amma da ƙyar.

Icce kuwa ka yi dabara da ka fara yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa a faskara shi tun yau, don gungume yana iya shekara cikinsa bai bushe ba, faskararre kuwa iskar hunturu na gama da shi cikin 'yan makonni. Ka jera bulo ko duwatsu ka ɗora shi a kai, kada ya taɓa ƙasa saboda gara da laima. Ka bar tazara tsakaninsa da bango. In za ka rufe, ka rufe sama kawai da tsohon kwano, gefe a buɗe. Wanda ya naɗe icce da leda har ƙasa ya dafa shi ne a cikin gumin kansa. Ka nisanta shi da murhu da danni, kuma a riƙa bubbuga shi kafin a sa hannu, kunama na son irin wannan masauki.

Tukunyar wanka ta kwana arba'in ita ce mai cinye icce. A rufe ta da murfi, a kewaye duwatsun da laka ko tsohon kwano ta bangaren da iska ke kaɗowa, wato gabas da arewa a lokacin sanyi, za ka ga ɗauri ya yi auki. Kuma a sirka ruwan. Ban hana al'ada ba, ni ma an yi mini, amma na ga bayan da ya saluɓe saboda wai sai ruwa na tafasa zai yi magani. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da tsananin gashi da yawan kunun kanwa. In iyalinka na da hawan jini ko kumburin ƙafa, a tambayi likita kafin a ɗora tukunya.

Gwaggo, ni da leda nake hura wuta, ko tsohon silifa, don sun fi saurin kamawa. Ƙawata ta ce ba kyau. Da gaske ne? — Ɗaliba, Rafindadi

Da gaske ne, jikata. Hayaƙin leda da roba guba ne, ke da kike durƙushe kina hurawa ke ce mai shaƙar na farko, ɗan da ke goye shi ne na biyu. Narkakkiyar leda in ta ɗiga a fata kuma ba ta sauka sai da fatar. Haka katakon da aka yi wa fenti ko aka jiƙa da maganin gara, kada ya shiga murhu. Fetur kuwa ko kusa. Ki tanadi kwali guda ki riƙa tara totuwar masara, ɓawon gyaɗa, busasshen ɓawon rake da ƙirare, ki ajiye inda raɓa ba ta taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, da iccen kirki ma ke nan, balle an ƙara masa silifa.

Hajiya, ina sayar da tuwo da shinkafa a ƙofar gida. Na sa an yi mini murhu mai bututun hayaƙi da ya huda rufin kwano. Wata huɗun farko lafiya lau, yanzu hayaƙin ta ƙofar murhun yake dawowa, kuma wani baƙin abu kamar kwalta na tsiyayowa ta jikin bututun. Ko in sayi irin na ƙarfen nan da ake talla? — Mai abinci, Ƙofar Ƙaura

Hajiya, wata huɗu ana girkin sayarwa ba a share bututu ba? Ai ya yi haƙuri. Kunkunniya ce ta cika shi, baƙin abin nan kuma hayaƙin ɗanyen icce ne ya huce a jikin ƙarfe ya daskare. Kada ki raina shi, yana kamawa. Ranar da ya kama za ki ji bututun na ruri kamar jirgi, ya yi ja, tartsatsi na fita ta sama, kuma a hunturu wannan kaɗai ya isa ya tashi unguwa. In Allah ya kiyaye haka ta faru, a toshe ƙofar murhun da faifan ƙarfe don a yanke masa iska, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana.

Da asuba kafin a hura wuta, ki sa yaro mai hankali ya hau ya cire hular bututun. Ya ɗaura tsumman buhu a dogon sanda, ko ya zura sarƙa a igiya, ya yi ta sama da ƙasa, ke kuma kina bubbuga jikin ta ƙasa kina kwashe abin da ya zubo. Mai girki irin naki duk sati biyu ya kamata, mai girkin gida duk wata. Ki duba gwiwar bututun, can ya fi taruwa. Ki duba inda ya huda rufi, kada ya taɓa katako ko silin, a bar masa fili a kewaye shi da ƙarfe. Tsawonsa ya ɗara rufin da kamar ƙafa 3, in ya gaza haka iska na danno hayaƙin ƙasa. In tsatsa ta huda shi, maƙeri zai nannaɗa miki wani.

Na ƙarfen da kike nufi, in Save80 ne, na gan shi yana aiki. Ƙarfensa ba ya tsatsa, sunansa ma daga ikirarin masu shi ne cewa yana rage kashi 80 cikin 100 na icce. 'Yan guntayen icce kamar yatsa yake ci, kuma da tukunyarsa yake zuwa. Ga miyar gida da shinkafar iyali ya yi, amma ba zai ɗauki tukunyar tuwon sayarwa ba. Abin da zan ce ki ara daga wurinsu shi ne akwatin da ake saka tukunya a ciki ta ƙarasa nuna da zafinta. Ba sai kin saya ba. Babban kwando, tsohon bargo a ciki, matashi a sama. Shinkafa ta tafasa 'yan mintoci, ki sauke da murfinta ki dulmiya a ciki ki rufe, kada ki leƙa. Kafin ki gama kaɗa miya ta nuna, babu ƙanzo babu ƙauri, kuma gurbin murhu ɗaya ya huta.

Gwaggo, jikana mai rarrafe ya taka tokar da na zubar a bayan ɗaki tun jiya, ƙafarsa ta tashi. Na fasa masa ƙwai na shafa manja. Ashe toka na kwana da wuta? — Kaka, Mashi

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Tana kwana, har ta wuni ta sake kwana. Toka bargo ce ga garwashi, ai da ita iyayenmu ke binne wuta su tone ta da asuba lokacin ashana na wuya. Ki riƙa kwashe ta a bokitin ƙarfe mai murfi, ba roba ba, ba kwali ba, ki ajiye a kan ƙasa nesa da zana da kara har kwana biyu kafin ki zubar.

Ƙwai da manja da makilin da gishiri duk ba maganin ƙuna ba ne, riƙe zafi suke yi su jawo ƙwayoyin cuta, ma'aikacin asibiti kuma sai ya kankare su kafin ya ga ciwon, yaro na ihu. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, kada a fasa ƙurjin. Ƙuna a tafin ƙafa, hannu ko fuskar ƙaramin yaro ta asibiti ce komai ƙanƙantarta, don haka in ba ki kai shi ba, ki kai shi yau. Ki kuma sa a ja ɗan gini ko a gindaya turmi tsakanin murhu da inda yake rarrafe.

Tokar da ta huce kuwa kada ki zubar da ita duka. In ta icce ce zalla ba leda a ciki, ki tankaɗe ki ajiye: tana fitar da baƙin tukunya, ana tarar ruwan toka da ita, kuma in kika kwaɓa ta kika shafe gindin tukunya kafin ki ɗora, wankin yamma ya zo da sauƙi. Ragowar ni gindin kuɓewata nake barbaɗa wa, kaɗan-kaɗan, ranar da zan yi ban ruwa.